Ranar da Aka Kira Inna Shaida

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunan yayana ba. Shi ne ɗan farinta, kuma a gidajenmu na cikin birni uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta ma nuna ta damu ko ya ci ko bai ci ba. Ana yaye shi Goggo, yayar mahaifinmu, ta goya shi ta tafi da shi Jakara. Can ya tashi, can ya koyi dukanci, har ya buɗe rumfarsa a Kurmi yana ɗinka takalma da kuben wuƙa. In zancensa ya zama dole, sai Inna ta ce "na wajen Goggo". In ya zo gaisuwa ya durƙusa a bakin ƙofa, ita kuma ta juya tana gyara abin da bai lalace ba, ta amsa wa bango. Ni auta, dariya abin yake ba ni. Kunya ake ce wa wannan, kuma a lokacin macen da ba ta da ita ba a sa ta a sahun mata.

A shekarun yaƙin basasa ina gida ina zawarci. Mahaifinmu ya rasu, Goggo ta bi shi, yayyena mata aure ya kai su nesa. Gidan namu na gindin Goron Dutse ya rage daga ni sai Inna, ga shi yanar ido ta fara rufe mata gani, ba ta gane mutum sai ya zo daf da ita. Gari kuwa zaman ɗar-ɗar ake yi. Motocin soja suna wucewa cike da samari, kowa kunnensa na jikin rediyo, ƙofa in ta bugu da ƙarfi sai ka ga mutane sun miƙe.

Wata Juma'a na tafi suna a Gwale. Bayan an sauko daga masallaci wani ya yi ihu a bakin kasuwa cewa ga jirgin yaƙi nan zai saki bam. Babu jirgi, babu dalilinsa, amma kasuwa ta yamutse, kowa ya yi ta kansa. Ɓarayi suka samu yadda suke so, faɗa ya kaure, kuma da ƙura ta lafa aka tarar da wani saurayi mai sayar da kananzir a kwance, an soke shi. Yayana yana kan hanyarsa ta komawa gida Jakara 'yan doka suka tare shi. Suka sami 'yar wuƙar dukancinsa a aljihu, da ɗigon jini a hannun rigarsa. Wani mai tura kura ya ce ai shi ne, ya ga mai farar riga yana kokawa da mamacin. Farar riga ranar Juma'a a Kano! Da wannan ce shaida, da rabin garin nan an ɗaure shi.

Na gaya wa Inna an kama shi. Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ci gaba da jan carbinta. Ba ta tambaye ni a ina ba, ba ta tambaye ni yaushe ba, don tambayar ma a wurinta rashin kunya ce. Ni ma ban ƙara mata komai ba.

Ba a ba da belin wanda ake tuhuma da kisan kai, sai aka kai shi gidan yari, aka tura shari'ar Babbar Kotu a wajen gari. Daga nan gidanmu ya fara yin shiru. An ce zumunta a ƙafa take, to ƙafafun danginmu duk ciwo suka yi a shekarar. Matan unguwa da kan shigo aron turmi su ɓata rabin yini suna hira suka gano akwai turmi a wasu gidajen. Iyayen matarsa suka zo suka ɗauke ta, wai ta je ta huta. A bakin rijiya na ji wata tana cewa ruwa ba ya tsami banza, da ta gan ni ta koma zancen tsadar gishiri. Ban ƙyale ta ba, na ce Allah ya kai damo ga harawa, ita ma tana da 'ya'ya maza. Amma da na dawo gida sai da na yi kuka a bayan ɗaki.

Gwamnati ta ba shi lauya, tun da laifin na rai ne. Mutum ne siriri mai yawan tari, ɗan garin nan, kullum a gajiye. Ya zo zaurenmu ya tarar da ni da Baffa, ƙanin mahaifinmu, ya yi mana bayani a hankali. Ya ce kisa iri biyu ne a wurin wannan kotun. In an tabbatar mutum ya yi niyya, hukuncinsa rataya, kuma alƙali ba shi da ikon sassautawa. In kuwa faɗa ne ya taso nan take, ba shiri, ɗauri ne na shekaru. Ya ce hanya mai sauƙi ita ce yayana ya amsa cewa an yi faɗa, a nema masa na biyun. Amma yayana ya ƙi, ya ce ba zai ɗauki ran da bai kashe ba ya ɗora wa kansa.

Baffa ya gyara rawani ya ce shi zai tara dattawa su je wurin iyayen mamacin da goro, a yi ta'aziyya, a roƙi afuwa, kamar yadda aka saba.

Lauya ya ce, "Alhaji, don Allah kada ku je. A wannan kotun afuwarsu ba ta sauke igiya. Kuma wanda ya je roƙon afuwa ya amsa laifi ke nan, da ƙafarku za ku kai musu shaida."

Baffa ya ji zafin yaro ya hana shi abin da ubansa da kakansa suka yi. Ya kaɗe rigarsa ya ce to, tun da boko ya fi su sani, ya bar wa boko. Bai sake taka ƙofarmu ba sai ranar wata jana'iza.

Sai ya zama ni kaɗai ke kai abinci gidan yari. Ina tsayawa a layi da kwano a lulluɓe cikin mayafi, tare da matan da ba ma gaisawa don kowa ba ta so a san ta. Gandiroba ya sa cokali ya tona tuwon, ya miƙa ciki. In na dawo, Inna ta karɓi kwanon ta jijjiga. In ta ji babu nauyi sai ta ajiye. In ta ji saura, ranar ita ma ba za ta ci ba. Kaɗaici ya ishe ni a watannin nan, har hira nake da akuyarmu.

Ana nan lauya ya sake zuwa, ransa a ɓace. Ya ce, "Malama, yayanki zai kashe kansa da bakinsa. Abin da zai fitar da shi ɗaya ne, a nuna yana wani wuri lokacin da aka yi kisan. Na tambaye shi ina yake tsakanin saukowa masallaci da la'asar, ya ce yana cikin gari. Jinin wa ke rigarka, ya ce ba na mamacin ba ne. To na wa? Shiru. Ko wata mace yake ɓoyewa?"

Na shiga gida ina ta faɗa ni kaɗai, ina maimaita maganar lauya da ƙarfi, ina zagin taurin kai irin na gidanmu. Inna tana zaune a kan turmi tana alwala. Na ga hannunta ya tsaya a kan ƙafarta, ruwa na zuba daga buta ba ta sani ba. Idona ya sauka kan ƙafar. Farcenta sun yi tsawo, sun fara lanƙwashewa suna shiga nama. A da kullum a gyare suke, kuma ban taɓa tambayar kaina wa ke yanke wa matar da ba ta gani farce ba. Sai na tuna tsumman da na tarar a ɗaure a babban ɗan yatsanta ranar da na dawo daga suna, ta ce mini tuntuɓe ta yi.

Na ce, "Inna, wa yake yanke miki farce?"

Ta ajiye butar. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "In ya ga ba kowa a gidan yakan shigo. Ranar nan ihun mutane ya ji daga nesa, hannunsa ya goce."

Ashe shekara da shekaru, in ya san na fita unguwa ranar Juma'a, sai ya biyo daga masallaci, ya zauna a ƙasa, ya ɗora ƙafarta a cinyarsa, ya gyara mata farce da wuƙarsa. Ba ya magana, ba ta magana. In ya gama ya tattara ya binne a gindin bango ya fita. Wannan ne sirrin da yake shirin hawa igiya a kansa, don kada a tsayar da uwarsa a gaban maza ta faɗi cewa ɗan farinta yana riƙe mata ƙafa.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ga tausayi kuma ya cika ni. Na ce, "Inna, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Rataye shi za su yi. Ke kaɗai kika san inda yake."

Ta ce, "Zan je."

Da na gaya wa yayana ta yarda, sai ya dafe kansa ya ce, "Me ya kai ki? Wa ya aike ki?" Na ce ba wanda ya aike ni, kuma in ya fito ya dake ni.

Lauya ya zo har sau da yawa yana koya mata. Yana zaure, tana bayan labule, ina tsakiya. Ya ce, "Baba, za su tambaye ki ko ɗanki ne, ki ce e. Za su ce ki faɗi sunansa, ki faɗa. Za su ce me ya yi miki, ki faɗa yadda kika faɗa wa Malama." Ta ce to. Kome ya ce sai ta ce to. Ni da na san ta, na san wannan to ɗin na sallamar baƙo ne, amma na ce wa kaina in ta ga igiya a gabanta bakinta zai buɗe.

Ranar shari'a na riƙe hannunta muka fita. Rabonta da wuce ƙofar gari tun tana amarya. Kotun ɗaki ne babba mai fanka a sama, cike da maza, 'yan'uwan mamacin a gefe guda, mu biyu a namu gefen. Alƙalin baƙo ne daga wata ƙasa ta ƙetare, da farar hular gashi a kansa, ba ya jin Hausa, sai tafinta ya juya masa. Yayana ya riga ya yi nasa bayanin, kansa a sunkuye, ya faɗi zancen farce kamar ana zare masa haƙori. Saura a ji daga bakin mai ƙafar.

Aka kira ta. Ta dafa Alƙur'ani ta yi rantsuwa. Lauyanmu ya bi da ita a sannu, ta ce e, ranar an shigo mata bayan masallaci, ba a fita ba sai da aka kira la'asar. Ya ce me aka zo yi? Ta ce, "Aiki aka yi mini." Ya ce wane aiki? Ta ja mayafi ta rufe bakinta. Ya sake tambaya ta wata hanya, ya ce ko ta ji ciwo a ranar? Ta ce, "Ɗan kaɗan." A ina? Shiru. Fanka kawai ake ji.

Sai mai gabatar da ƙara ya miƙe. Shi ne har yau ban yafe wa ba. Bahaushe ne kamarmu, uwa ce ta haife shi, ƙila ma ɗan fari ne. Ya san abin da ke rufe bakin tsohuwar nan sarai, kuma nan ya nufa kai tsaye, da ladabinsa da murmushinsa.

Ya ce, "Hajiya, wannan mutumin da ke tsaye, mene ne shi a wurinki?"

Ta ce, "Na wajen Goggo ne."

"Ɗanki ne?"

Ta juyar da fuska wajen taga. Ta ce, "Ba ni na riƙe shi ba."

Tafinta ya juya maganar yadda take, alƙali ya rubuta. Na ji kamar in tashi in ƙwace alƙalamin.

"To mene ne sunansa?"

Leɓenta ya motsa. Na rantse na ga ya motsa. Na riƙe numfashi ina cewa a zuci, faɗi mana Inna, kalma ɗaya ce, ba wanda zai mutu don kin faɗa. Ba abin da ya fito.

Ya ce, "An ce idonki ba ya gani sosai. Ba ki riƙe shi ba, ba ki faɗi sunansa ba, ba ki ko dube shi ba tun da kika shigo. Da me kika san shi ne ya shigo ɗakinki ranar nan, ba wani ba?"

Ta ce, "Na san shi."

"Da me?"

Da me! Da tafiyarsa, da gyaran muryarsa a zaure, da warin fatar da ke hannunsa, da ciwon naƙudar da ta yi tana yarinya. Duk wannan yana cikinta, na sani, amma faɗinsa a gaban maza, shi kuma yana tsaye yana ji, ya fi ƙarfinta. Hawaye suka shiga bin mayafinta. Sai muka ji murya daga akwatin da ake tsayar da mai laifi.

"Ku ƙyale ta! Don girman Allah ku ƙyale ta haka!"

Ɗan sanda ya dafe kafaɗarsa. Lauyanmu ya miƙe zai sake yi mata tambaya, yayana ya ce masa in ya ƙara ko ɗaya ya sallame shi. Lauya ya tsaya da takarda a hannu, ya dube shi, ya dube ta, ya zauna.

Ya yi iya ƙoƙarinsa daga baya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya yi wa alƙali dogon bayani a kan kunyar ɗan fari, ya ce shirun nan da aka gani shi ne babbar shaidar cewa ita ta haife shi. Ya nuna cewa mai tura kura bai ga fuska ba, riga ya gani, kuma jinin da ke rigar bai kai na yankan kaza ba. Alƙali ya saurara, ya gyaɗa kai. Da ranar hukunci ta zo ya ce yana girmama al'adar mutane, amma kotu abin da aka faɗa take aunawa, ba abin da aka riƙe a ciki ba, don haka ba zai dogara da shaidar tsohuwar ba. Na ƙanƙame bencin. Sai ya ci gaba da cewa bai ga alamar shiri ko tsohuwar gaba ba, abin ya faru ne cikin rikicin da ya taso nan take. Ba za a rataye shi ba. Ya ɗaure shi shekara goma sha biyu.

Ranar ƙafafun dangi suka warke. Gida ya cika da 'yan barka, ana ta cewa da hanau gara mannau, ai rai shi ne babba. Inna ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Ni na tsaya ina amsa barkar ɗaurin mutumin da bai yi komai ba, har na gaji na ce musu tuwonmu bai kai ba, a yi mana haƙuri. Kafin magariba gidan ya koma yadda yake.

Na yi fushi da ita, ba zan ɓoye ba. Na yi kwanaki ina ajiye mata abinci ba na zama. Wata safiya na ji tana magana ita kaɗai a ɗaki, na tsaya a bakin ƙofa. Tambayoyin mai gabatar da ƙara take maimaitawa ɗaya bayan ɗaya, da irin muryarsa. "Ɗanki ne?" Sai ta ce, "Ɗana ne. Ni na haife shi." "Me ya yi miki?" Sai ta faɗa duka, tiryan-tiryan, ba gargada. In ta zo kan suna sai ta tsaya, ta koma farko. Na zame na zauna a ƙasa. Daga ranar ban ƙara ɗaga mata murya ba.

Yaƙi ya ƙare, sojoji suka dawo, wasu da ƙafa ɗaya. Manema suka zo mini na kore su, don ba wanda zai aure ni da tsohuwa da kwanon gidan yari. Inna ba ta kai rabin shekarun ɗaurinsa ba. Ta kwanta da damina, ba ta tashi ba. Ana gobe za ta cika ta kama hannuna ta ce, "Ki ce wa na wajen Goggo ya yafe mini."

Bayan an yi sadakar uku na je na same shi. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Tun kafin in yi magana ya ga ba kwano a hannuna, ya gane. Ya yi salati, ya yi mata addu'a mai tsawo, sannan na isar da saƙon. Ya ce ba ta yi masa komai ba, shi ne ma ya jawo aka tsayar da ita a gaban mutane.

Ya shiga murza ƙarfen tagar da ke tsakaninmu. Can ya ce, "Da ta ba ki saƙon, ta ambaci sunana?"

Na so in yi masa ƙarya. Na ga mutum ne da ya rasa matarsa da rumfarsa da ƙuruciyarsa saboda kalma ɗaya, me zai rage in na ba shi ita yanzu? Amma ban iya ba. Na ce, "A'a, Yaya. Na wajen Goggo ta ce."

Ya sauke ajiyar zuciya, har fuskarsa ta saki. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe da hankalinta ta tafi."

Gandiroba ya buga ƙarfe ya ce lokaci ya yi. Na fito na kama hanyar gida, ba wanda ke jirana a can.